Sajan Mai Sifirin

Kwana shida na yi a kan buhunan albasa kafin in ga Ankara, wato babban birnin Gana. Tun daga Galmi aka ɗora ni a saman lodi kamar ni ma buhu ne. Muka ratsa Yamai, muka faɗa ƙasar Mosawa, muka shigo ta Bawku. A Tamale taya ta fashe. A Kumasi ruwa ya yi mana dukan tsiya, albasar ƙasa ta fara ruɓewa, ni kuwa ina bisanta zaune kamar kaza a kan ƙwai. Da muka sauka a kasuwar Agbogbloshi, wadda har yau in na faɗi sunanta sai harshena ya nemi hutu, ƙudajen kasuwar suka bar kayan miya suka biyo ni. Wata akuya ta shinshine ni ta yi atishawa. Wata mai doya da ba ma jin yaren juna ta dube ni, ta girgiza kai, ta miƙo mini ruwa a kwano da guntun sabulu. Ban san ko sadaka ce ko zagi ba, amma na karɓa.

Shekarata goma sha shida, sunana Isuhu, daga Illela. Abin da na mallaka duka: riga biyu, takalmin sallah ƙafa ciki da nake ratayawa a wuya don kada ya tsufa, da takarda mai sunan Kawu Bawa, ƙanin mahaifiyata. A takardar an rubuta, "Nima, kusa da babbar kwata." Da na isa Nima sai na tarar kowa kusa da babbar kwata yake. Kwatar nan ta ratsa unguwar kamar kogi, har da gadojinta.

Abin da ya fara ba ni dariya Hausar mutanen Zango ce. Hausa ce, amma an yi mata aski. Ba ruwansu da mace ko namiji, kowa "shi" ne. Mutumin da ya raka ni gidan Kawu ya ce mini, "Matana ya haihu jiya, shi ya samu mace." Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Da na san abin da wannan Hausar za ta yi mini, da na tashi na riƙe ta da kyau.

Kawu Bawa ɗan sanda ne, odilin wani alƙali. Shekara ashirin da wani abu yana aikin, saura wata takwas ya ajiye ya fara cin fansho. Dogo ne, ba ya son magana, kuma a duniya ba abin da yake tattali kamar ƙaramar bindigar da aka ba shi don tsaron maigidansa. Duk Alhamis bayan la'asar sai ya shimfiɗa tabarma a bayan ɗaki, ya cire harsasai ya kulle su a akwati, ya warware bindigar ya goge ta da tsumma, a hankali kamar mai yi wa jariri wanka.

Alhamis ta uku da zuwana, ina tsugunne ina kallo, aka yi sallama da shi a ƙofar gida. Ya miƙe ya nuna ni da yatsa.

"Isuhu, ido kawai."

"Haba Kawu, ni yaro ne?"

Yana fita na ɗauki abin da ya daɗe yana tsone mini ido. Sifirin ne dogo, siriri, da wani ɗan rodi mai sheƙi a cikinsa kamar tsinken tsire. Na ce bari in ji ƙarfinsa. Na kafa shi a tabarma na danna da babban yatsa. Ya yi ƙasa. Na ƙara dannawa. Yatsana ya zame.

Ban taɓa ganin abin da ba shi da fiffike ya tashi haka ba. Sifirin da rodin suka haye katanga tare kamar amarya da ango, sai na ji "tsulum" a cikin babbar kwata.

Na shiga kwatar nan har gwiwa. Na tsamo cokali uku, takalmin roba na hagu, kan 'yar tsana, da wani abu da na roƙi Allah ya sa mataccen ɓera ne. Yaran unguwa suka jeru a kan gada suna kirana "Albasa, me ka ke kamawa?" Sifiri dai ya tafi teku.

Na ɗauka Kawu zai dake ni. Da ya dake ni da na ji sauƙi. Zama ya yi a tabarma yana kallon bindigar a warwatse, sannan ya ce, da muryar da ban san shi da ita ba:

"Wannan sifirin shi ke mayar da murfin sama mazauninsa bayan kowane harbi. Rodin ke riƙe shi kada ya lanƙwashe. In babu su, wannan ƙarfen banza ne. Ranar Litinin za a duba makamai a bariki. Odilin da ya ɓatar da kayan bindigarsa a gida, kana jin za a bar shi ya kai wata takwas?"

Na ce, "Kawu, a saya wani mana."

"Kada ka faɗa wa kowa. Ko iska kada ta ji."

Allah ya taimake mu alƙalin ya tafi garinsu sai Litinin ɗin zai dawo. Kwana uku ke nan a hannuna. Na rantse a zuci sai na samo sifirin ko da za a binne ni a kwata.

Ranar Juma'a da safe na tambayi wani tela inda ake sayar da sifirin, ban ce na mene ne ba. Ya nuna mini wani kanti. Na shiga na ce da mai kantin, a hankali kamar ɓarawo, "Sifirin nake so, mai ƙarfi." Ya ce, "Kai ne ke ciwo?" Na ce, "Ƙwarai, kaina zai fashe." Ya naɗo mini ƙwayoyi biyu farare a takarda. Asfirin. Na tsaya ina kallonsu, sai na haɗiye su, don gaskiya a lokacin ina bukatarsu.

Daga nan aka ce in tafi Abosokai, kasuwar kayan mota. Na hau toro-toro, motar hayarsu da ake cusa mutane kamar goro a huhu, na sauka a wata duniya ta ƙarfe. In mota ta mutu a ko'ina cikin Gana, gaɓoɓinta a nan suke tashi. Ina ta leƙe-leƙe sai wani mai haƙorin zinare ya riƙo hannuna.

"Aboki, me ka ke nema? Faɗa mini, ni ɗan'uwanka ne, kakana daga Sakkwato."

Jin Sakkwato sai idona ya kawo ruwa. Na manta gargaɗin Kawu, na raɗa masa. Ya waiga hagu, ya waiga dama, ya ɓace bayan wata rumfa. Ya dawo da sifiri da rodi a naɗe cikin jarida, ya ce daga Jamus suka zo jiya-jiyan nan. Ba ni da abin ba shi. Ya dubi takalmin sallar da ke wuyana. Haka na koma Nima wuyana fayau, ina tafiya kamar wanda ya ci yaƙi.

Kawu ya buɗe jaridar, ya juya abin sau biyu, ya gwada shi a jikin bindigar. Sannan ya ce, "Ina takalminka?" Ya naɗe ya mayar mini, ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa.

Telan nan ne ya cece ni. Ya ga na zauna a gaban shagonsa kamar an yi mini mutuwa, ya matsa mini, na ce sifirin wani inji ne na musamman. Ya yi murmushi irin na wanda ya san kawuna ɗan sanda ne.

"Je Mamobi, bayan masallacin mai koren fenti, ka tambayi Sajan Mai Sifirin. Shi ya san sifirin sosai paa. Duk Ankara babu kamar shi. Shi in ya taɓa ƙarfe da yatsa, ya gaya maka sunan uban ƙarfen."

Tun a hanya na gama zana Sajan a kaina: ƙato, gashin baki kamar tsintsiya, murya kamar aradu.

Asabar da hantsi na sami gidan. A barandar wata dattijuwa ce zaune, gajeriya, da tabarau ɗaure da zare, tana tsintar wake a faranti.

"Salamu alaikum, Mma. Sajan yana nan?"

"Yana nan. Me ka ke so?"

"Maganar maza ce, Mma. Zan jira shi."

Ta dube ni ta saman tabarau. Ta ce, "To, jira shi." Ta turo mini farantin da ƙafa. "Kana jira kana tsinta."

Na tsinci wake har azahar. Ta dafa shi da shinkafa irin tasu mai ja, ta zuba mini da yaji baƙi wanda ya sa na ga kakannina. Da cikina ya cika sai bakina ya buɗe. Na gaya mata a Illela ni ne sarkin bindiga. Na ce na taɓa harbe kura biyu da harsashi ɗaya, ɗaya a gaba ɗaya a baya. Na ce ina iya warware fistol ido rufe.

"Allah?" in ji ta. "To me ke mayar da murfin sama?"

"Wannan sirri ne, Mma. Ba ki ganewa."

"Gaskiya ne," ta ce, ta ci gaba da fifita.

Har la'asar Sajan bai fito ba. Na ce ko barci yake? Ta ce a'a, idonsa biyu, yana sauraron wani maƙaryaci ne. Na ce Allah ya raba shi da maƙaryata. Ta ce amin.

Lahadi na dawo tun da safe. Na share barandar, na ɗebo ruwa, na sake tsintar wake. Rana tana tafiya, Sajan bai fito ba. Da inuwa ta fara tsawo na tuna da Kawu zaune a tabarma, na tuna da mahaifiyata da ta ce in je in zama abin alfahari gare shi. Ban san lokacin da hawaye ya zubo a cikin waken ba.

"Kai, ɗan Hausa, kada ka sa mini gishiri a wake. Me ke aljihunka da ka ke ta dafawa tun jiya?"

Na fito da jaridar. Ta warware, ko ɗagawa ba ta yi ba.

"Wannan sifirin na lema ne. Rodin kuma ƙusa ce aka yanke kai aka goge. Me ka ba su?"

"Takalmina."

"Da ka zo da lema, da ka ci riba."

Ina shirin cewa a ina ta san wannan, sai ga wani ɗan sanda mai igiya biyu ya shigo da takarda a hannu. Ya tsaya a gaban tsohuwar, ya buga ƙafa, ya ƙame.

"Sajan, barka da yamma. Oga ya ce in kawo oda."

Na dubi bayana ko wani ya fito. Babu kowa sai kaza. Na dubi tsohuwar. Na dubi farantin wake. Na tuna kura biyu da harsashi ɗaya. Wallahi da babbar kwata tana kusa da na koma ciki da kaina.

Da ɗan sandan ya tafi na ce, "Amma tela ya ce shi..."

"A nan kowa shi ne. Kai da ka zo da Hausa mai yawa, ba ka lura ba? Tashi."

Ta buɗe wani ɗaki mai ƙofar ƙarfe da makullai biyu. Ban taɓa shiga ɗaki mai tsabta irinsa ba. Babu bindiga ko ɗaya a ciki. Akwatunan katako ne ƙanana jere a bango, kowanne da rubutu, a sama kuma lasin a cikin gilashi da hoton wani mutum mai kaki. Ta ce mijinta ne, shi ne Sajan na ainihi, makanikin bindigogi a bariki, mutumin Kano. Da ya ajiye aiki suka nemi izinin shigo da kayan canji suna ba barikoki. Idonsa ya mutu kafin shi, sai ta zama idonsa, daga baya ta zama hannunsa. Da ya rasu, aiki da suna suka zauna a wurinta.

Ta tambaye ni irin bindigar. Na kwatanta da hannu da baki, da rubutun da na gani a gefenta. Ta jawo akwati ɗaya ba tare da ta duba ba.

"Waɗannan ba kamfanin da ya ƙera bindigar ya yi su ba. Wasu kamfanoni ne daban da ba su da aiki sai kayan canji. Mutane suna cewa duk abin da ba na asali ba jabu ne. Ƙarya ne. Na canji mai kyau wani lokaci ya fi na asali daɗewa. Jabu shi ne na lemarka."

Ta ɗauki rodi ta gangara shi a kan madubi. Ya tafi sumul, ba ƙara. Ta gangara ƙusata, ta tafi tana ɗingishi kamar agwagwa. Ta ɗauki sifirin uku da ni a idona duk ɗaya ne, ta rufe ido, ta matsa kowanne tsakanin yatsu.

"Wannan ya yi laushi, bindiga za ta riƙa dukan kanta har ta fashe. Wannan ya yi tauri, ba za ta tofar da kwanson harsashi ba, ta shaƙe. Wannan shi ne nata."

Na tsaya baki buɗe. Yatsun nan da na gani cikin wake kwana biyu, ashe sikeli ne. Na miƙa hannu. Ta mayar da sifirin akwati ta rufe.

"Ba na ba yaro. Ba na ba babba ma. Sai da takardar bariki, kuma hannun makanikin bariki nake sa wa. Shekara nawa ina wannan aiki, ko sifiri ɗaya bai taɓa fita ta bayan gida ba. Je ka kira kawunka."

"Mma, in bariki suka ji, sun kore shi!"

"Je ka kira shi."

Kawu ya zo kamar wanda ake ja da igiya. Ashe ya san ta sarai, don haka ma bai zo wurinta tun farko ba. Ya durƙusa ya gaishe ta. Ba ta yi masa kwana-kwana ba.

"Bawa, wanda ya ɓatar da sifiri ya faɗa, faɗa za a yi masa. Wanda ya sa wani a ɓoye aka gane, wannan sai kurkuku. In kuma ba a gane ba, ranar da wani ya tare alƙali bindiga ta shaƙe, wa zai yi wa matarka bayani? Gobe ka faɗi gaskiya. Ni zan zo."

Kawu ya ce, "Wata takwas, Sajan."

"Na sani. Zan zo, na ce."

Litinin da safe muka tafi mu uku. Ta sa mayafi fari, ta riƙe ƙaramar jaka kamar mai zuwa suna. Ni aka bar ni a bakin shingen waya. Ta cikin wayar na hango makanikin barikin, ƙato mai gashin baki, daidai Sajan ɗin da na zana a kaina. Yana ganinta ya miƙe ya ba ta kujerarsa. Daga baya na ji yaron mijinta ne a da, kuma ita ta koya masa gangara rodi a madubi. Na ga Kawu a ƙame yana magana. Na ga an kira wani babba. Na ga babban yana ɗaga murya, yana nuna Kawu, yana nuna ƙofa. Sai na ga tsohuwar ta ɗaga yatsa ɗaya, ta yi magana ba tsawo. Babban ya sosa ƙeya, ya karɓi biro.

Suka zaga baya wajen filin gwaji. Na riƙe waya na rufe ido. Tau! Na ce Allah. Tau! Na ce Allah, na tuba da ƙarya. Tau! Tau! Harbin yana bin juna daidai kamar mata gwanaye a turmi, ba shaƙewa, ba tsayawa, har harsasai suka ƙare.

Kawu ya fito da gumi har a gira. An ba shi gadin ƙofa na sati biyu cikin zafin rana, an kuma hana shi zuwa da bindiga gida. Aikinsa yana nan. Ya dube ni ya ce, "Isuhu." Na ce, "Ido kawai, Kawu." A karon farko tun zuwana na ga haƙoransa.

A hanya na tambaye ta abin da ta gaya wa babban. Ta ce, "Na ce masa mutumin da ya zo da ƙafarsa ya faɗi laifinsa, in an kore shi, gobe kowa zai sa na lema ya yi shiru."

Muka raka ta har Mamobi. A bakin barandar na durƙusa, na ce, "Mma, ke kam Allah ya yi miki baiwa. Ke ce kika cece mu."

Ta tsaya da makulli a hannu. Ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi, ta daɗe tana gogewa.

"Sake faɗa."

"Allah ya yi miki..."

"A'a. Na farkon."

"Ke."

"Tun da mai hoton can ya rasu," in ji ta, "babu wanda ya ce mini ke a garin nan."

Ta mayar da tabarau, ta turo farantin wake da ƙafa.

"Gobe ka zo da wuri. Wake tukuna. In ka shekara ba ka harbe mini kura ba, sai in nuna maka madubi."

Yau wata goma sha ɗaya ke nan. Kawu yana cin fanshonsa, ya saya mini takalmi, kuma a ƙafa nake sa shi. Hausata ta fara askuwa, jiya ma na ji bakina yana cewa matar tela ya dawo. Amma duk safiya in na isa barandar nan, sai na tsaya na gyara harshena kafin in yi sallama.

"Sajan, kin tashi lafiya?"